Damin da Aka Bari a Ƙofar Majami'a

A zangon karatun da ya wuce, ran nan muna ajin nazarin aron kalmomi, malaminmu ya rubuta "almajiri" a allo, ya ce kalmar daga Larabci ta zo, daga "almuhajir", watau wanda ya bar garinsu ya yi ƙaura, a nan kuwa ƙaurar neman ilmi ake nufi. Sa'an nan ya tambaya ko akwai wanda ya san wata ma'ana da Hausawa suka ƙara mata. Wani ya ce mabaraci, wani ya ce mabiyin shehin ɗariƙa. Ni kuma, ban san abin da ya tsikare ni ba, sai na ɗaga hannu na ce a garinmu kowace Lahadi da sunan nan ake kiranmu, mu da iyayenmu, domin a Littafi Mai Tsarki na Hausa mutum goma sha biyun nan da suka bi Yesu Almasihu almajirai ake ce musu, bin nasa kuwa almajiranci. Aji ya kwashe da dariya. Ba ta mugunta ba ce, ta mamaki ce kawai. Malam ya ce gaskiya ne, ya ƙara ma'anar a allo. Da muka fito, wani abokina da muka shekara biyu muna cin tuwo kwano ɗaya ya jawo ni gefe ya ce, "Wai don Allah, kai Bahaushe ne na asali?"

Tambayar nan ba baƙuwa ba ce gare ni, tun ina sakandare nake shan ta. Ni mutumin ƙasar Rano ne, ƙauyenmu yana tsakanin Rano da Kibiya, in ka hau tudun bayan gidanmu da safe kana hango duwatsun Rano. Duk ɗalibin Hausa ya san Rano tana cikin Hausa Bakwai, ita da Kano aka yi wa laƙabi da sarakunan baba saboda rini. Kakana har ya koma ga Mahaliccinsa bai san wani harshe ba sai Hausa, haka nan kakansa. Abin da ya raba mu da mutanen gari shi ne mu aka sani da Maguzawa, watau Hausawan da suka riƙe al'adar gargajiya ta tsafi da iskoki bayan Musulunci ya game ƙasa. Wanda yake son sanin yadda kakanninmu suka zauna, sai ya nemi littafin da Joseph Greenberg ya buga a 1946, bayan zaman da ya yi cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939. Na karanta shi a laburare, na ga sunayen iskokin da kakata takan ambata in ta yi suɓutar baki, kamar Kure da Ɗan Galadima. Wani irin abu na ji a raina, kamar mutum ya ga hoton ɗakin uwarsa a hannun baƙo.

Bishara ba ta iso mana da wuri ba. A 1900 ne Bishop Tugwell da Likita Miller da abokan tafiyarsu suka shiga Kano, Sarki Alu ya sallame su ba tare da ɓata lokaci ba. Bayan Turawa sun ci ƙasa kuwa, su da kansu suka taka wa 'yan mishan birki a ƙasashen sarakunan Musulmi. Miller ya zauna a Zariya, daga bisani aikin ya koma Wusasa, a 1932 kuma aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Mishan ɗin SIM ya sami shiga ƙasar Kano ne ta ƙofar magani, da asibitin kutare na Yadakunya a cikin shekarun 1930, da asibitin ido na Kano a 1943. A 1954 majami'un da suka fito daga aikin SIM suka tsaya da ƙafarsu da sunan ECWA. Amma mu a ƙauyenmu ba mu taɓa ganin Bature mai wa'azi ba. Malaman bishara ne 'yan ƙasa suka zo, yawancinsu daga kudancin Zariya da Filato, a kan keke, suka roƙi gona suka zauna. Kakata ta ce malamin farko sun fi wata shida suna zuwa sauraronsa don su yi dariyar Hausarsa kawai, domin yakan ce wa mace "ya zo". Ta ce ba su ankara ba sai suka ga dariya ta ƙare, su kuma ba su daina zuwa ba.

A zamanin nan ne ƙasa ta motsa wa Maguzawa ta kowane gefe. Tun rangadin musuluntarwa da Sardauna ya yi a farkon shekarun 1960 mutane suke barin tsafi, waɗansu su nufi masallaci, waɗansu majami'a. A gidanmu aka sami duka. Wan mahaifina, wanda muke kira Baffa, ya musulunta tun yana saurayi. Mahaifina aka yi masa baftisma a 1982. Tsohon kuwa ya ce shi ya tsufa da koyon sabuwar rawa, ya mutu da tsafinsa. Gida ɗaya, hanya uku, amma rumbu ɗaya suke ci har ranar da aka raba gandu.

Kakata ita ce ta fi kowa biyan tsadar sabuwar hanya. Sana'arta dafa giya, sana'ar da matan Maguzawa da yawa suka riƙe gida da ita, majami'a kuwa ta ce mai neman baftisma sai ya rabu da giya, sha da sayarwa. Ta yi shekara uku tana jan ƙafa. Ranar da ta yanke shawara ta kife tukwanenta a bayan ɗaki, ta koma yin daddawa. Kalwar da take yi da ita daga wata babbar ɗorawa take fitowa, wadda ke tsaye a bakin fadamarmu, daidai kan iyakar da aka shata tsakanin rabon Baba da na Baffa. Da ƙarfinta ya ƙare, mahaifiyata, Inna, ta gaji sana'ar. Mai karatu ya riƙe ɗorawar nan a ransa, za mu komo kanta.

Kafin nan, bari in ɗan kwatanta yadda muke sujada, saboda na lura da yawa daga cikin 'yan'uwa ɗalibai abin da suka sani na majami'a shi ne na birni, mai jita da lasifika da Turanci. Tamu ginin ƙasa ce da rufin kwano. Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataye a jikin darbejiya. Maza gefe guda, mata gefe guda, yara a gaba kan tabarma. Ana buɗewa da addu'a, a rera daga Littafin Waƙoƙi, sa'an nan matan Zumunta su tashi da tulu da shantu da kacau-kacau, su yi waƙoƙin da suka tsara da kansu a kan karin da duk wanda ya taɓa jin waƙar daɓe zai gane asalinsa. Bayan haka a karanta Littafi, Malam ya yi wa'azi, a ba da baiko, a yi sanarwar wa ya haihu, wa ke kwance, gonar wa za a yi wa gayya, a rufe da albarka. Daga farko har ƙarshe ba kalmar Turanci ko ɗaya. Allah muke cewa, Ubangiji muke cewa, da addu'a, da sujada, da zunubi, da tuba, da gafara, da alheri. Tsofaffin da suka koyi karatu da fassarar 1932 har yanzu "Yesu Kristi" ke bakinsu, mu kuwa da muka tashi da fassarar da ta biyo baya "Yesu Almasihu" muke cewa.

Abin da ake koya mana tun muna makarantar Lahadi bai da yawa, maimaita shi ne ake yi har ya zauna. Na ɗaya, sujada ba a ɗaure take da wuri ba. A Bisharar Yahaya sura ta 4 Yesu ya nuna wa wata mata a bakin rijiya cewa ba dutsen da aka hau ko birnin da aka je Allah yake dubawa ba, zuciyar mai sujadar yake dubawa da gaskiyarta. Na biyu, ceto kyauta ne ta wurin bangaskiya, ba a sayen sa da aiki, amma Wasiƙar Yakubu sura ta 2 ta kwatanta bangaskiyar da ba ta haifi aiki ba da gawa. Na uku shi ne almajirancin nan, wanda Luka sura ta 9 ta ce abu ne na kowace rana, ba na ranar idi ba. Duk wannan na haddace shi, na ci gasar ayoyi har sau biyu, an ba ni sabulu da littafin rubutu. Ashe haddar ce kawai na yi.

A daminar 2021, ɗan Baffa na fari ya zo huɗa da shanu, ya tsallake layin gambar da ke iyaka, ya ci kunya uku daga cikin fadamarmu, har ɗorawar ta koma ɓangarensu. Baba ya yi magana, aka ce gamba ce ta yaɗu, ba nan ne iyakar asali ba. Magana ta je gaban mai unguwa ba ta mutu ba, Baba ya kai ta gaban dagaci. Aka kira tsofaffin da suka halarci rabon gandu, Musulminsu da Kiristansu, kowa ya faɗi abu ɗaya: ƙasar ta Baba ce, da itacen. Aka mayar da iyaka, aka kafa duwatsu. Mu yara muka yi ta murna, ni har da cewa gaskiya ta yi halinta.

Tun daga ranar Baffa bai sake yi wa Baba magana ba. In sun haɗu a hanya sai ya kau da kai. Naman layya da yakan aiko mana kowace Babbar Salla ya tsaya. Abin da ya fi wannan ciwo, a al'adarmu ranar Kirsimeti Musulmi muke kira ya yanka mana dabba, domin maƙwabta su ci abincinmu ba tare da shakka ba, kuma tun ina yaro Baffa ne mai riƙe wuƙar. Kirsimeti biyu muka yi sai wani muka nemo daga nesa, tuwon da Inna ta aika gidan Baffa kuwa aka dawo da shi ba a buɗe ba. Kakata tana ɗakinta ba ta gani sosai, amma tana ƙidaya. Takan ce, "Yau kwana nawa ban ji muryar babbanku a tsakar gidan nan ba?" Ba mai amsa mata.

Shekarar 2023 ta zo da nata. A watan Mayu aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota daga Rano zuwa Kano ya tashi, taki ya gagari talaka, kuɗin rajistar jami'a ma bai tsaya inda yake ba. Baba ya yi shawara da wani mai noman albasa cewa zai ba shi gefen fadamar nan jingina don noman rani, da kuɗin za a biya mini rajista. An gama magana, saura a kira shaidu. Na zo gida a watan Nuwamba da nufin in karɓi kuɗin in koma, zuwana kuwa ya dace da Lahadin godiya.

Lahadin godiya ita ce ranar da kowane gida yake kawo na farko cikin amfanin gonarsa, a tara a gaban majami'a, a sayar da wani don hidimar ikkilisiya, a raba wani ga gwauraye da marayu. Ranar ƙawa ce. Za ka ga damman dawa da gero, da kwandunan gyaɗa, da kabewa, da kaji a ɗaure. Baba dattijon ikkilisiya ne, shi yakan shiga gaba. Ya zaɓi dami mafi kyau na farar dawa, ya jingine shi a bakin ƙofa tare da na sauran mutane, sai an gama wa'azi a shigo da su da waƙa.

Malam bai zaɓi nassin ranar don Baba ba, wannan na tabbata, gama bi da bi yake karanta Bisharar Matiyu tun farkon kaka, ranar kuwa ya iso sura ta 5, aya ta 23 da ta 24. Ma'anar wurin ita ce, wanda ya kawo sadakarsa wurin Allah, sai ya tuna akwai ɗan'uwan da ke riƙe da shi a zuciya, to, ya ajiye sadakar tukuna, ya nemi sulhu, in ya dawo ya miƙa. Na sha jin wurin. Amma ranar Malam ya tsaya a kan wani abu da ni mai taƙama da nahawu ban taɓa lura da shi ba. Ya ce mu duba wane ne mai riƙon. Ba a ce in kai ne kake jin haushin wani ba. Cewa aka yi in wani ne yake jin naka. Kuma ba a tsaya tambayar wa ke da gaskiya ba. Ya faɗi haka sau biyu, ya wuce zuwa wani batu.

Aka tashi waƙar shigo da baiko. Maza suka fita ɗaukar dammansu, na bi Baba don in taya shi. Ya tsaya a kan damin nan ya daɗe, mutane suna ratsa shi suna wucewa. Can sai ya ce mini, "Kai, bar shi nan. Biyo ni." Ni ne ɗan fari, ba ya kiran sunana.

Tsakanin majami'a da gidan Baffa tafiyar kamar rabin sa'a ce ta cikin karan dawa. Bai ce mini kome ba, ni ma ban tambaya ba, sai ƙarar tulun matan Zumunta da ke raguwa a bayanmu. Muka tarar da Baffa a zaure yana gyaran ƙotar gatari. Baba ya tuɓe takalmi ya yi sallama. Sallama kuwa ba a ƙin amsa ta, saboda haka kalmar farko da Baffa ya yi wa ƙanensa cikin shekara biyu da 'yan watanni ita ce amsar sallama. Baba ya durƙusa, da babbar rigarsa ta zuwa majami'a, a kan ƙasa, ba a kan tabarma ba.

Ya ce, "Yaya, na zo ne."

Baffa ya ce, "Na ga ka zo."

"Na yi maka laifi, Yaya."

"Wane laifi kuma? Ai dagaci ya ce kai ne da gaskiya."

"Dagaci maganar ƙasa ya yi. Ni taka na zo ji."

Baffa ya ci gaba da sassaƙa kamar ba zai tanka ba. Da ya buɗe baki kuwa, ko sau ɗaya bai ambaci iyaka ba. Ya ce shi ya goyi Baba ranar da gobara ta ci gidansu. Shi ya koya masa riƙon fartanya. Da Baba ya bi malamin bishara, tsoho ya rantse sai ya kore shi daga gandu, wa ya tare? Shi, wanda ba addininsu ɗaya ba. "Sa'an nan a kan kunya uku ka sa aka aiko mini ɗan aike. Na je na tsuguna gaban yaron da aka yi sunansa a gabana, jama'a suna kallo. Da ka zo nan ka zauna inda kake yanzu, ka ce Yaya yaronka ya ci mini iyaka, da ni zan kama kunnensa." Ban taɓa ganin hawaye a idon Baffa ba sai ran nan. Mu a aji an koya mana cewa kunyar gona da kunyar ido rubutunsu ɗaya, karin sauti ne ya raba su. A zauren nan na ga inda suka haɗu.

Baba ya ce, "Gaskiyarka ce. Ka yafe mini. Kunyoyin nan da itacen na bar maka, zan je in gaya wa dagaci da bakina."

Na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi. Baffa bai ce ya yafe ba, bai kuma ce ya ƙi ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Na ji." Ya dube ni ya ce, "Ɗan boko, an zo lafiya?" Muka yi sallama muka fito. Da muka koma majami'a an daɗe da watsewa, an kulle ƙofa, damin Baba yana nan jingine shi kaɗai, kaji suna tsattsagar gefensa. Sai Lahadi ta gaba aka shigar da shi, ba waƙa ba kiɗa.

Daren nan na yi wa mahaifina maganar da ban taɓa yi masa ba. Na ce, "Baba, ai ba a ce a ba da gona ba, sulhu aka ce a nema. Ka ba shi haƙuri, ya isa. Yanzu da me zan koma makaranta?" Ya ce, "Ban-haƙuri da baki kowa ya iya. Abin da na tsugunar da shi a kansa, in na riƙe shi na ce ya yafe, ciniki ke nan na je yi." Na ce to ai zalunci aka ba lada, gobe ma sai a sake cin wata iyakar. Ya ce mai yiwuwa ne. Na ce ni ne za a yi sadaka da karatuna? Ya yi shiru, ya daɗe, ya ce, "Ban san yadda za a yi ba tukuna. Je ka kwanta." Wannan amsa ta fi ba ni haushi fiye da in da ya kawo mini aya.

Washegari ya tafi wurin mai albasa ya warware magana, ya wuce gidan dagaci. Kafin mako ya zagayo Inna ta kora awakinta huɗu zuwa kasuwa, waɗanda ta tara da kuɗin daddawa shekara da shekaru, matan Zumunta kuma suka ba ta kwasar adashen da ba layinta ba ne. Da wannan na yi rajista.

A nan ne har yau zuciyata ba ta gama kwanciya ba, kuma ba zan ɓoye wa mai karatu ba. Baba ne ya ji wa'azi, Baba ne ya durƙusa, shi mutane suke yaba wa a ƙauye. Amma wadda ta biya kuɗin ba a tambaye ta ba. Awakin nata ne, ɗorawar ma a gaskiya tata ce, tun da ita ke tsintar ta, ita ke dafa kalwa kwana da kwanaki cikin hayaƙi. Inna ba ta yi gardama ba, amma ta yi kwana uku ba ta ce masa kome ba in ban da gaisuwa. Rana ta huɗu na ji shi da asuba a ƙofar ɗakinta yana cewa, "Na yi gaggawa, ya kamata in fara biyowa ta wurinki." Ta ce, "Maigida, da ka biyo ta wurina da na hana ka. Gara da ba ka biyo ba. Amma kada ka sake." Na juya maganar nan a raina ya fi sau ɗari, ban iya raba inda yafewa ta ƙare da inda gargaɗi ya fara ba.

Da na komo makaranta sai kalmar nan ta almajiri ta riƙa yi mini yawo a ka, tun kafin malaminmu ya rubuta ta a allo. Waɗanda suka fassara Littafi suna da "ɗalibi" a gabansu, ba su ɗauke ta ba, kuma a ganina sun san abin da suke yi. Mu ɗalibai muna zuwa aji ne mu ɗauki abin da malam ya sani, mu amayar da shi ranar jarrabawa, a ba mu takarda, mu rabu. Halinsa ba ruwanmu da shi. Almajirin tsangaya kuwa gidan malam yake kwana, gonarsa yake nomawa, in malam ya tashi ci-rani ya naɗe buzu ya bi shi. Allonsa ma ba a rubuta shi sau ɗaya a rataye, kullum sai an wanke an sake. Duk Bahaushen da ya ji an ce almajiran Yesu ya san ba masu sauraron lacca ake nufi ba, tun kafin a yi masa wa'azi. Ni da na ci gasar ayoyi ɗalibi ne. Mahaifina karatunsa da ƙyar yake haɗa baƙi, yana bin layi da yatsa, amma ranar da aka karanta masa wuri ya tashi ya tafi inda aka ce.

Ban ce abin ya gyara kome da kome ba. Baffa ya riƙe ƙasar, ɗansa yana noma ta, in na bi ta wurin har yanzu sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Akwai dattawan ikkilisiya da suke ganin Baba ya yi sakaci, suna cewa mu 'yan tsiraru ne, in muka fara sakin abin da shari'a ta ba mu, wata rana ko filin majami'a ba za mu iya karewa ba. Ba zan ce maganarsu banza ce ba, kowa ya san wuyar da ake sha a kan filin ibada da na maƙabarta a wurare da dama. Sai dai wanda Baba ya sakar wa ba hukuma ba ce, ba kuma baƙo ba ne, wansa ne uwa ɗaya uba ɗaya, uwar kuwa tana kwance a ɗaki tana ƙidayar kwanaki.

Ranar Kirsimetin shekarar, da sassafe, muna shirin tura yaro ya kira mai yanka, sai muka ji sallama a ƙofar gida. Baffa ne, da wuƙarsa a naɗe cikin tsumma. Ya wuce ɗakin kakata tukuna, muka ji tsohuwa tana ta sa albarka tana kuka. Da ya fito ya nufi turken awaki kamar yadda ya saba, ya tarar da turaku huɗu ba kome a jikinsu, sai zakaru biyu da aka ɗaure a gindin turmi.

Ya ce wa Inna, "Amarya, ina awakin?" Haka yake kiranta tun ranar da aka kawo ta gidan.

Ta ce, "Sun tafi jami'a, Yaya."

Baffa ya dubi turakun, ya dubi Baba, Baba ya sunkuyar da kai. Ba wanda ya ƙara magana. Ya fuskanci gabas ya yi bisimilla ya yanka zakarun, na zuba masa ruwa ya wanke wuƙa. Yana goge ta da tsumma ya tambaye ni shekara nawa suka rage mini, na ce biyu. Ya ce, "To." A bazarar da ta biyo baya, da ɗorawa ta nuna, matarsa ta aiko wa Inna cewa ta zo su tsinta tare, ita ba ta iya daddawa ba.